Jarrabawar GMAT da TAGE MAGE: yadda ɗalibin Nijar zai shirya, ya ƙara makinsa

Ɗalibin da ya kammala lisans a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, in yana son ci gaba da karatun kasuwanci da gudanarwa a waje, yakan ci karo da wani sharaɗi a jerin takardun da ake nema: makin jarrabawar GMAT. In makarantar ta Faransa ce, sau da yawa sai a ce masa TAGE MAGE. Haka abin yake ga ma'aikacin banki ko na kamfanin sadarwa da ya yi shekaru yana aiki, yake neman digirin MBA. Da yawa a nan suke tsayawa. Wasu kuma su biya kuɗin rajista su shiga ba shiri, su fito da makin da ba zai kai su ko'ina ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A Amurka ana biyan dalar Amurka 275 in a cibiyar jarrabawa za a rubuta GMAT, ko 300 in ta intanet ne, wato sama da jikka 150 na sefa, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda zai yi tafiya. Makin kuma ba ƙofar shiga kawai yake buɗewa ba. Makarantu da dama suna duba shi lokacin rabon tallafin karatu, don haka tazarar maki 40 ko 50 tana iya zama tazarar miliyoyin sefa a kuɗin makaranta.

Abin da ya kamata mai niyya ya sani tun farko shi ne, makin nan yana ƙaruwa da shiri. Amma yawan tambayoyin da mutum ya amsa a gida ba shi ke ɗaga maki ba. Abin da ke ɗaga shi shi ne mutum ya gano dalilin da ya sa yake faɗuwa a kowace tambaya, ya gyara wannan dalilin.

Mece ce GMAT?

Wata ƙungiyar makarantun kasuwanci mai suna GMAC, da ke Amurka, ita ke da jarrabawar. Makarantu 9 ne suka haɗu a 1953 don samar da ma'auni guda na tantance masu neman shiga, aka yi jarrabawar farko a 1954. Yau makarantu sama da 2000 a duniya suna karɓar makinta.

A watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabon tsari, aka daina tsohon a ƙarshen Janairu na 2024. Wannan yana da muhimmanci, domin tsofaffin littattafai da takardun da ake yawo da su a WhatsApp da yawa na tsohon tsari ne. Yanzu babu rubutun insha'i, babu tambayoyin gyaran jimla, an kuma cire lissafin siffofi, wato jometiri. Wanda ya ɓata wata guda yana haddace ƙa'idodin da'ira da kusurwa ya yi wahalar banza.

Sabuwar jarrabawar kashi uku ce, kowane kashi minti 45. Kashin lissafi yana da tambaya 21. Kashin fahimtar rubutu da auna hujja yana da 23. Kashin nazarin bayanai, inda ake kawo jadawali da zane-zanen ƙididdiga, yana da 20. Jimilla tambaya 64 cikin awa 2 da minti 15, da hutun minti 10 ga mai so. Ɗalibi ne ke zaɓar kashin da zai fara da shi. Kowane kashi ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, babban maki kuma yana tashi daga 205 zuwa 805, kuma kashi ukun nauyinsu ɗaya ne a cikinsa. Makin yana aiki har shekara 5.

Ma'aunin ma ya sauya. A jadawalin da GMAC ta fitar, maki 645 na yanzu daidai yake da 700 na da. Manyan makarantu irin su INSEAD da HEC a Faransa, matsakaicin makin ɗalibansu na MBA a tsohon ma'auni yana kewayen 700. Saboda haka wanda ya sami 645 kada ya gwada kansa da alƙaluman da ya gani a tsohon rubutu ya karaya. Makarantu da yawa masu kyau kuma suna ɗaukar ɗalibai da makin da bai kai haka ba.

A kwamfuta ake yin jarrabawar, kuma tana bin sawun ɗalibi. In ya amsa daidai, sai ta miƙo masa tambaya mai ɗan tsauri. In ya kuskure, ta sassauta. Makin ƙarshe ya dogara ga yawan amsoshin da suka yi daidai da kuma tsaurin tambayoyin. Don haka wanda ya ji tambayoyi suna ƙara wuya, galibi alama ce yana tafiya daidai.

TAGE MAGE da sauran hanyoyi

TAGE MAGE da Faransanci ake yin ta, kuma gidauniyar FNEGE ta Faransa ce ke shirya ta. Tambaya 90 ce, an kasa su gida 6, kowane gida tambaya 15 cikin minti 20, jimilla awa 2. Akwai fahimtar rubutu, lissafi, auna hujja, isar bayani, sarrafa harshe, da jerin lambobi da haruffa na gwada hankali. Cikakken maki 600 ne, kuma ba a yarda da na'urar lissafi ba. Ga ɗan Nijar da ya yi dukan karatunsa da Faransanci, harshen ba ya zama shinge, sai dai lokacin ya fi matsewa: daƙiƙa 80 kacal ga kowace tambaya.

Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, hanyar karatu a can ta ƙara tsawo da wuya, ɗalibai da dama suka juya zuwa wasu ƙasashe. A nan GMAT ta fi faɗin amfani, domin ana karɓarta a Kanada, Ingila, Amurka, Indiya, Afirka ta Kudu, har da makarantar kasuwanci ta Legas a maƙwabciya Najeriya. Makarantu da yawa kuma suna karɓar wata jarrabawar mai suna GRE a madadinta. Wasu kuwa, kamar cibiyar CESAG ta Dakar da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, gasar shigarsu daban suke shiryawa.

Saboda haka aikin farko ba sayen littafi ba ne. Mutum ya zaɓi makarantu uku ko huɗu, ya shiga shafin kowace ya ga wace jarrabawa take karɓa, wane maki ɗalibanta suke zuwa da shi, da ranar rufe karɓar takardu. Daga wannan ranar ake ƙirga baya a tsara shiri. A kuma tuna cewa GMAT ba ta maye gurbin jarrabawar harshe. Makarantar da ke koyarwa da Ingilishi takan nemi TOEFL ko IELTS daban.

Inda ɗalibin Nijar yake asarar maki

Lissafin GMAT bai wuce abin da ake koyarwa daga kwaleji zuwa farkon lise ba: kaso cikin ɗari, rabo da ninki, matsakaici, gudu da nisa, lissafin haruffa mai sauƙi, da ɗan lissafin yiwuwa. Wanda ya ci bak na lissafi ko na kimiyya ya ga abin da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Wahalar tana cikin tarkon da ake ɗanawa a tambaya, da kuma rashin na'urar lissafi a wannan kashin.

Ga misali. Buhun hatsi ya tashi da kashi 25 cikin 100 lokacin damina, bayan kaka kuma ya sauka da kashi 20 cikin 100. Ina farashin ya tsaya? Mai gaggawa zai cire 20 daga 25, ya ce ya ƙaru da kashi 5. Amma in buhun jikka 20 ne, ya hau zuwa jikka 25, kuma kashi 20 cikin 100 na jikka 25 jikka 5 ne, sai ya koma jikka 20 daidai. Kowane ɗan kasuwar hatsi a Maraɗi ya san wannan da kansa. Masu tsara jarrabawa kuma sun san kuskuren da mai gaggawa zai yi, shi ya sa amsar “kashi 5” za ta kasance cikin zaɓi biyar ɗin, tana jiran sa.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanta ga wanda ya yi lissafi da Faransanci. A makarantun Nijar ana koyar da cewa sifili yana cikin lambobin “positif”, amma a Ingilishi kalmar “positive” ba ta haɗa da sifili ba. Haka “supérieur à 5” a lissafin Faransanci yana iya haɗawa da 5 ɗin kanta, amma “greater than 5” ya fitar da ita. Inda Faransanci ke sa waƙafi a rubuta 2,5 Ingilishi ɗigo yake sawa, waƙafin kuma na raba dubbai ne, har 2,500 ya zama dubu biyu da ɗari biyar. Kalmar “billion” miliyar ɗaya take nufi. Waɗannan ƙananan abubuwa suna iya cinye tambaya biyu ko uku a kashi guda, kuma takarda ɗaya ta isa a rubuta su duka a haddace cikin mako.

Babban shingen dai shi ne karatun Ingilishi da sauri. Kashi ukun duka da Ingilishi suke, har lissafin ma cikin labari ake kawo shi. Akwai kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban: “actually” ba “actuellement” ba ce, “eventually” na nufin a ƙarshe, “to assume” kuma ɗauka cewa abu haka yake ba tare da hujja ba. Wanda har yanzu sai ya fassara kowace jimla zuwa Faransanci a zuciyarsa kafin ya gane ta, gara ya ware wata biyu ko uku na farko ga harshen kaɗai. Ya riƙa karanta doguwar maƙala ɗaya kullum, ta tattalin arziki, kimiyya ko tarihi, domin daga waɗannan fannoni ake ɗauko rubutun jarrabawa. Jaridun Najeriya na Ingilishi da shafin BBC sun isa a fara da su. Bayan kowane sakin layi ya tsaya ya faɗi da bakinsa abin da marubucin yake son tabbatarwa, da hujjar da ya kawo.

Tambayoyi biyu da ba a saba da su ba

Akwai wani nau'in tambaya da ba a yin sa a bak, wanda ake samu a GMAT, ake kuma samu a TAGE MAGE da sunan “conditions minimales”. Ana ba da tambaya da bayani biyu. Ba amsar lissafin ake nema ba, ana son a faɗi ko bayanan sun isa a samo amsa guda tak.

Misali: wani ɗan kasuwa ya sayar da buhu 30, na albasa da na wake. Buhu nawa ne na albasa? Bayani na farko ya ce buhunan albasa sun ninka na wake sau biyu. Bayani na biyu ya ce buhunan albasa sun fi 15. Na farko shi kaɗai ya isa, domin dole albasa 20 ce wake 10. Na biyu shi kaɗai bai isa ba, domin tana iya zama 16, tana iya zama 29. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya samo 20 daga bayani na farko, ya shiga na biyu da ita a kansa, ya ga 20 ta fi 15, ya ce shi ma ya isa. Ƙa'idar ita ce a auna kowane bayani shi kaɗai kamar ba a taɓa ganin ɗayan ba, sai in dukansu sun gaza sannan a haɗa su. Kuma da zarar an tabbata amsa guda za ta fito, a tsaya, ba sai an ƙarasa lissafin ba.

Nau'i na biyu shi ne auna hujja. A ce mai shagon atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram ya sa talla a rediyo, wata na gaba cinikinsa ya ninka, ya ce tallar ce ta jawo. Tambayar za ta ce, wane bayani ne zai raunana maganarsa? Amsa mai kyau ita ce wadda ta kawo wani dalili daban, misali cewa watan da ciniki ya ninka watan sallah ne. In kuma aka ce wane ne zai ƙarfafa ta, sai a nemi wanda ya toshe wancan dalilin, misali cewa maƙwabtansa da ba su yi talla ba cinikinsu bai motsa ba a watan. Dabarar ita ce, kafin a duba zaɓi biyar ɗin, a ware hukuncin da mai magana ya yanke, a ware hujjarsa, a nemo abin da ya ɗauka a ransa bai faɗa ba. A nan, ya ɗauka babu abin da ya sauya a watan in ban da talla.

Gwajin farko da littafin kurakurai

A shafin mba.com, wanda na GMAC ne, ana ba da cikakkun jarrabawar gwaji guda biyu kyauta ga duk wanda ya buɗe asusu, kuma da irin ma'aunin jarrabawar gaske ake ba su maki. Ta farko a yi ta a makon farko, bayan an ɗan san siffar tambayoyin, a zauna awa 2 da minti 15 ba waya ba tashi. Makin zai iya yin ƙasa sosai, kada wannan ya dami mutum. Amfaninsa shi ne ya nuna tazarar da ke tsakanin inda yake da inda makarantarsa take so, da kuma kashin da ya fi ja masa baya. Ta biyu a adana ta sai an yi nisa.

Daga nan sai a sayi littafin rubutu guda, a keɓe shi ga kurakurai. Duk tambayar da aka faɗi, da wadda aka ci da sa'a, da wadda ta ci fiye da minti 3, a shigar da ita. A rubuta nau'inta, amsar da aka zaɓa, amsar gaskiya, sannan dalilin kuskuren. Dalilan ba su cika wuce huɗu ba: rashin sanin ƙa'idar, rashin gane Ingilishin, sakaci wurin karanta tambaya ko yin lissafi, da ƙurewar lokaci. Kowane da maganinsa. Rashin ƙa'ida sai an koma darasi. Kalmar da ba a sani ba sai a sa ta a jerin hadda. Sakaci sai a kafa al'adar sake karanta jimlar ƙarshe ta tambaya kafin a danna amsa. Ƙurewar lokaci kuma sai a nemi gajeriyar hanya, kamar gwada zaɓin amsoshin ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaukar lamba mai sauƙi irin 100 a tambayar kaso.

Wanda ya amsa tambaya 20 ya yi awa guda yana binciken biyar ɗin da ya faɗi ya fi wanda ya amsa 60 ya duba makinsa ya wuce. Duk ƙarshen mako a buɗe littafin, a sake yin tsofaffin tambayoyin ba tare da duba amsa ba. Bayan mako uku ko huɗu sai mutum ya ga ashe kurakurai biyu ko uku ne suke ta maimaita kansu da riguna daban-daban, kuma a kansu makinsa yake zuba.

Game da kayan karatu, littafin GMAT Official Guide da GMAC ke fitarwa duk shekara ya ƙunshi tambayoyin da aka taɓa yi a jarrabawar gaske, don haka shi ne tushe. A tabbata bugun na sabon tsari ne. Abokai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya, su riƙa zama sau ɗaya a mako kowa ya bayyana wa ƴan'uwansa yadda ya warware tambaya. Wanda ya kasa bayyana hanyarsa da baki, bai riga ya gane ta ba.

Tsarin wata uku

Ga wanda Ingilishinsa ya zauna, wata 3 na shiri da awa 10 zuwa 12 a mako tsari ne da ma'aikaci zai iya riƙewa. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin zafi da hayaniya, ta fi awa biyar a ranar Lahadi kaɗai.

Watan farko na tushe ne. A bi darussan lissafi ɗaya bayan ɗaya, a dawo da lissafin ka: jadawalin ninki, murabba'in lambobi har 20, da sauya kaso zuwa rabo, kamar sanin cewa ɗaya bisa takwas kashi 12 da rabi ne cikin 100. A wannan watan ba a saka agogo, ana neman daidai ne tukuna.

A wata na biyu agogo yake shigowa. A riƙa ɗaukar tambaya 10 a gauraye, a ba su minti 20. A nan ne ya kamata a ba kashin nazarin bayanai haƙƙinsa, domin da yawa suna barinsa sai ƙarshe alhali nauyinsa ɗaya da sauran. A wannan kashin kaɗai ake ba da na'urar lissafi a fuskar kwamfuta, amma yawan danna ta yana cin lokaci, kuma kintace yakan isa. Wasu tambayoyinsa suna da sassa biyu ko uku, kuma sai an ci dukansu ake samun makin tambayar. A kwamfuta ya kamata a yi wannan atisayen, domin jadawalin da ake jerawa da shafukan da ake buɗewa ba sa fitowa daidai a waya.

Wata na uku na cikakken gwaji ne, ɗaya a mako ko a kwana goma, a daidai lokacin da za a yi jarrabawar gaske. Kashegarin kowane gwaji na littafin kurakurai ne. A nan ne ake gwada jerin kashi ukun a ga wanda ya fi dacewa. Wasu sun fi son fara da mai wuya tun kai yana sabo, wasu kuma da mai sauƙi don zuciya ta kwanta. Ba a yin rajista sai makin gwaji ya kai inda ake so sau biyu a jere.

Agogo

A kashin lissafi kowace tambaya tana da minti 2 da ƴan daƙiƙoƙi, a kashin rubutu ba ta cika minti 2 ba, a nazarin bayanai minti 2 da daƙiƙa 15. Ba a tsallake tambaya, sai an zaɓi amsa kafin ta gaba ta fito. Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen kashi kuma yana jawo ragin maki. Saboda haka nacewa a kan tambaya ɗaya har minti 5 asara ce ninki biyu: ana iya faɗuwa ita, a kuma rasa lokacin masu sauƙi biyu da ke gaba. Ɗaliban da suka saba cin lissafi a lise su suka fi faɗawa wannan ramin, don ba su saba sakin tambaya ba.

Sabon tsari ya kawo sauƙi a nan. Ana iya yi wa tambaya alama, in lokaci ya rage a ƙarshen kashi a koma a duba, a kuma sauya amsa har guda 3 a kowane kashi. To in minti 2 da rabi suka wuce hanya ba ta bayyana ba, a cire zaɓin da suka fito fili ba su ba ne, a zaɓi ɗaya cikin sauran, a yi alama a wuce. Ya kuma kamata mutum ya riƙe ma'auni a kansa, misali a lissafi ya kasance ya gama tambaya ta 7 in minti 15 suka tafi, ta 14 kuma a minti 30.

Rajista da ranar jarrabawa

A mba.com ake rajista, da katin banki ake biya, kuma shafin yana nuna cibiyoyi mafi kusa da ranakun da ke akwai. Akwai cibiyoyi a Abuja, Legas da Akara. Wanda zai rubuta a wajen ƙasarsa fasfo ake nema, kuma dole sunan da ya yi rajista da shi ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Wannan abin lura ne ga ƴan Nijar, inda ake samun suna ɗaya da rubutu biyu, Mahamadou a wata takarda Mahamane a wata, ko a sa sunan uba gaba a nan a sa shi baya a can. Saɓani irin wannan yana iya sa a hana mutum shiga ɗaki, kuɗinsa kuma ya tafi.

Mai son yi ta intanet yana buƙatar kwamfuta mai kyamara, ɗaki rufe da ba mai shigowa, da layin da ba ya yankewa, domin akwai mai sa ido da ke kallonsa daga farko har ƙarshe. Ba a yi da waya. Ba a yarda da takarda ba, sai ƙaramin farin allo mai gogewa, don haka a saba da shi tun a gida. A garuruwan da wuta ke yawan ɗaukewa, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu, kada a dogara ga wutar gari. A cika batir, a tanadi sola ko injin wuta har ga na'urar intanet ɗin, a kuma yi gwajin na'ura da shafin ke bayarwa a ɗakin da za a zauna, a irin lokacin da za a rubuta.

Akwai masu tallar cewa za su rubuta wa mutum jarrabawar ko su sayar masa da tambayoyinta. GMAC tana soke makin wanda aka kama, tana iya hana shi sake zama, tana kuma iya sanar da makarantun da ya nema.

In makin bai kai ba

Da an gama, makin wucin gadi yana fitowa a fuskar kwamfuta, tabbataccen kuma ya biyo baya cikin ƴan kwanaki. Ɗalibi yana ganin makinsa kafin ya yanke shawarar aika shi, kuma yana iya tura shi kyauta ga makarantu 5 cikin awa 48 bayan fitowarsa. Rahoton yana nuna yadda ya yi a kowane nau'in tambaya da lokacin da ya ɓata, wato shafi ne da za a ƙara a littafin kurakurai.

Ana iya sake zama bayan kwana 16, har sau 5 cikin wata 12. Amma komawa da gaggawa ba tare da an sauya komai ba, biyan jikka 150 ne don a sake ganin maki iri ɗaya. In rahoton ya nuna lokaci ne ya ƙure a ƙarshen kashi, mako uku na atisaye da agogo suna iya wadatarwa. In kuma ya nuna rubutun Ingilishi ne bai zauna ba, sai an ba shi wata biyu ko fiye. Shi ya sa ya kamata zaman farko ya kasance aƙalla wata biyu kafin ranar rufe karɓar takardu. Makarantun MBA da yawa suna rufe zagayen farko a Satumba ko Oktoba, na biyu a Janairu, don haka mai neman zagayen farko ya yi gwajinsa na farko tun watan Maris ko Afrilu, ya rubuta ta gaske a Yuli.